Kibiyar da Na Ƙi Gogewa

An ce in bar maganar nan, wai ta wuce. Ba ta wuce ba. Ni ce kullum nake zaune gaban tafireta a ofis ina buga wasiƙun mutane, alhali lissafi na so in karanta, kuma na iya shi, na fi duk 'yan ajinmu iyawa. Abin da ya raba ni da shi bai fi tsawon hannu ba, layin alli ne a jikin allo. Don haka zan faɗe ta yadda ta faru, wanda ya ga taurin kai ne ya gani.

A Garwa aka haife ni, a unguwar Hausawa, gidan mahauta. Baba yana tafiya Adamawa, har Tinyer, ya koro shanu, ƙannensa su yanka, su yi kilishi. Matan gida su ke daka ƙuli da kayan yaji su haɗa labun da ake tsoma naman a ciki. Duk wankan da zan yi, in na shiga aji sai wani ya shaƙi iska ya ce yau an kawo mana kilishi. Na saba, ban taɓa jin haushin wannan ba.

Ni ce 'yar fari. Wanda ya san gidajenmu ya san abin da ke biye da wannan. Matar da ta haife ni ba ta kiran sunana, ba ta dubana gaban mutane, ba ta taɓa cewa "'yata" ba. Kunya ce, haka aka yi mata ita ma. Adda nake ce mata, kamar wata yayata. In tana so in ɗebo ruwa sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa waccan randa ta bushe," ko da daga ni sai ita a tsakar gidan. Da aka yaye ni sai aka kai ni ɗakin Goggo, yayar Baba, wadda mijinta ya rasu ba ta samu haihuwa ba ta dawo gida. Ba aro aka ba ta ba, ba ta ni aka yi, gaban dangi, aka raba goro. Ita ta goya ni. Ita ta yi jinyata da na yi ƙyanda. Ita ta tsaya sai an sa ni makaranta lokacin da Baba yake ta jan ƙafa. In aurena ya zo ita za ta yi kayan ɗaki, in na mutu ita za a zo wa gaisuwa. Amma nonon Adda na sha, fuskarta ce a fuskata, kuma duk ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ina ganin ƙafafunta a ƙarƙashin asabarin ƙofa, ba ta shigo ba, ba ta tafi ba.

Duk unguwarmu babu wanda zai tsaya ya tambaye ni wace ce uwata a cikinsu. Sai da aka taso mutum tun daga Faransa.

Malaminmu na lissafi ne a lise, wato makarantar sakandare, a aji na huɗu, wanda ake kira turwaziyem. Saurayi ne, cikin Turawan nan da ake turowa su ɗan koyar su koma. Yana zuwa kan ɗan babur ɗin nan mobilet da gajeren wando, zafin Garwa ya mai da fuskarsa ja kamar tumatir. Misye muke ce masa. Ba zan yi masa ƙarya ba don ina jin haushinsa, ya iya koyarwa.

Shi ya koya mana abin da ake kira fonksiyon. Ya zana da'ira biyu a allo masu kama da dankali, ɗaya a hagu ɗaya a dama, ya ɗiga ɗigo-ɗigo a cikin kowace. Sai ya riƙa jan kibiya daga ɗigon hagu zuwa ɗigon dama. Ya ce ƙa'idar guda ce: kowane ɗigo na hagu kibiya ɗaya ce rabonsa, ba a yarda ya harba biyu ba. Na dama ba ruwansu, kibiyoyi da yawa na iya sauka kan guda, wani ma ya tashi bai samu ko ɗaya ba. In ƙa'idar ta cika, fonksiyon ce. In ɗigo ɗaya tak ya harba biyu, magana ta ƙare, ba ita ba ce, ko da sauran duka sun bi doka.

Ya ba mu misali da lamba in ta ninka kanta. Uku sau uku tara. Ukun nan na ƙasa da sifili, mai ɗan layi a gabansa, shi ma in ya ninka kansa tara yake bayarwa. Kibiya biyu sun sauka kan tara, ba laifi. Sai ya juya kibiyoyin suka koma baya, ya ce mu duba. Yanzu daga tara biyu suka tashi, ɗaya ta nufi uku, ɗaya ta nufi ɗan'uwansa na ƙasa. Ya ce, "Wannan ba fonksiyon ba ce." Ya ja layi ƙarƙashin maganar.

Rannan na fita aji kamar an yi mini kyauta. Ko'ina na duba sai in ga dankali biyu da kibiya. A kara, kasuwar shanu, kowace saniya ubangidanta ɗaya, shi kuwa yana iya tara garke. A injin niƙa in ka zuba dawa garin dawa ne zai fito, yau da gobe da jibi, ba ranar da zai ba ka gero don ya tashi da fushi. Abin da ya sa nake son lissafi ke nan. A darasin Faransanci malami na iya rage maka maki don bai ji daɗin yadda harshenka ya karya kalma ba. A lissafi in ka yi daidai ka yi daidai, ko kana warin labu. Haka na ɗauka.

A ƙarshen wannan shekara malamai ke zama su raba mu. Masu ƙarfi a lissafi su tafi ɓangaren C, na lissafi da kimiyya, sauran su tafi A, na adabi da harsuna. Makin jarrabawar zangon ƙarshe da bakin malamin lissafi su ke yanke hukunci. Ban san wata 'yar unguwarmu da ta taɓa shiga C ba, ni kuwa na riga na sa a raina cewa kujerata tana can tana jirana.

Jarrabawar ta zo cikin bazara, lokacin da Binuwai ta ja baya ta bar rairayi, gumi na ɗiga daga haɓa ya ɓata tawada. Babbar tambaya, wadda ta ɗauki mafi yawan maki, ga abin da ta ce: Zana yaran gidanku a hagu, matan gidan a dama. Ja kibiya daga kowane yaro zuwa uwarsa. Fonksiyon ce ko a'a? Kawo hujja.

Na san ya ɗauka gata ya yi mana, ya sauko da lissafi cikin gidajenmu. Sai dai bai taɓa shiga ko ɗaya ba.

Na zana ƙannena, kowa kibiyarsa ta tafi wurin Adda. Na zana 'ya'yan Baffa, nasu suka tafi wurin matarsa. Da na zo kan ɗigona ban tsaya wani dogon tunani ba, na ja ɗaya zuwa Adda, na ja ɗaya zuwa Goggo. Na duba zanen, na ga amsar a fili. Na rubuta: A'a, ba fonksiyon ba ce, domin daga wannan ɗigo kibiya biyu suka tashi. Har na ƙara layi biyu na bayyana masa yadda ake ba da riƙon yaro a wurinmu, don kada ya ce kuskure na yi. Ni na fara miƙa takarda. A hanya ina tausayin waɗanda za su faɗa ramin, don na ɗauka tarko ne ya haƙa da gangan.

Ranar da ya dawo da takardu ya ajiye tawa a ƙarshe. Ya ɗaga ta sama. Jan layi ya ratsa tambayar daga kusurwa zuwa kusurwa, a gefe ya rubuta wai ban fahimci komai ba.

Ya ce, "Ga wani sabon abu. Madamwazel tana da uwa biyu. Ƙila sau biyu aka haife ta."

Aji ya fashe da dariya. Wannan dariyar ta fi jan layin ci mini rai. Na juya ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Wancan a hannun yayar uwarsa ya tashi. Waccan ba ta san wadda ta haife ta ba sai da ta yi wayo. Fulaninmu da Hausawanmu, kusan rabin ajin 'yan riƙo ne, suna zaune suna ƙyaƙyata wa Bature kamar daga wata duniya na faɗo.

Da aka fita hutu na tare ƙawata, Bafulatana ce da muke zama benci ɗaya, sobajo take ce mini, wato ƙawa da Fillanci, a gindin darbejiya.

Na ce, "Ke ma har da ke?"

Ta ce, "To kuka zan yi, sobajo? Yadda ya faɗa ne ya ba ni dariya."

"Wa ya raine ki?"

"Kin sani ai. Kakata, a Domayo."

"Kibiya nawa kika ja?"

"Ɗaya mana." Ta gyara ɗankwalinta. "Ke matsalarki kina ɗauka in an yi tambaya amsa ake nema. Ba tarihin gidanku ya tambaya ba. Wi yake so, wato e, na ba shi wi. In Nasara ya tambaye ki uwa, ki miƙa masa guda ki wuce. Sauran ki bar su a gida, ba ɓacewa za su yi ba."

Na ce, "To ai ƙarya ce."

Ta ce, "Ƙaryar ta ci maki. Gaskiyarki me ta ci?"

Da aka tashi na sami Misye yana tada mobilet ɗinsa. Na ce masa amsata daidai take bisa ƙa'idar da shi ya koya mana. Ya dube ni, ya share wuya da hankici, ya ce ya san ni ba daƙiƙiya ba ce, shi ya sa abin ya ba shi mamaki. Ya ce darasi mai zuwa in fito allo in sake zanen gaban aji, in cire kibiyar da ta yi yawa, shi kuma zai mayar mini da makina. Wai adalci ke nan.

Ban gaya wa kowa a gida ba. Na tabbata in na tsaya gaban allo na bi da shi ta hanyar lissafi, zai gane. Mutumin da ya ja layi ƙarƙashin ƙa'ida da hannunsa ai ba zai taka ta ba.

Ranar ta zo. Na fito, na tsaya ƙarƙashin hoton shugaban ƙasa da ke rataye saman allo, na zana dankalina biyu, na ja kibiyoyi yadda na ja su a takarda. Ya miƙo mini jiƙaƙƙen tsumman goge allo.

Ya ce, "Wace ce ta haife ki a nan?"

Na nuna ɗigon Adda.

"To goge ɗayar."

"Don me, Misye?"

"Don 'yar'uwar babanki ce kawai. Ba ta cikin lissafi."

Na ji maganar har tafin ƙafata. Na danne, don na yi wa kaina alkawari da lissafi zan yi faɗan. Na koma gefen allo na rubuta tara, na ja kibiya zuwa uku, na ja wata zuwa uku na ƙasa da sifili.

Na ce, "Misye, kai ka nuna mana wannan. Da ka ga biyu sun tashi daga tara, ba ka ce tara ta yi ƙarya ba, ba ka ce ba ta fahimci komai ba. Cewa ka yi ba fonksiyon ba ce. Ni ma abin da na ce ke nan."

Misye ya ɗan yi murmushi, irin na wanda ya ga ƙofar fita.

Ya ce, "Madalla. Amma kin san abin da muke yi in muna son ta zama fonksiyon? Zaɓa muke yi. Mu riƙe na sama, mu watsar da na ƙasa da sifili. Abin da nake so ki yi ke nan."

Na ce, "To wa ya gaya maka Goggo ce ta ƙasa da sifili?"

Aka sake fashewa da dariya, wannan karon ba ni ake wa ba. Har masu bencin baya suna buga tebur. Jan fuskarsa ya sauko har wuya. Ya daka tsawa aka yi shiru, ya ce ba wurin wasan kwaikwayo muke ba, ko in goge ko in koma in zauna.

Na tsaya da tsumman a hannu, ruwansa na bin yatsuna. Na san alli ne. Na san Goggo ba ta nan, ba ta karanta boko, ba za ta taɓa sanin an zana ta ba balle an goge. Na san kuma abin da zai biyo baya in na ƙi. Amma amsata daidai ce, shi ma a lokacin ya san daidai ce, na gani a idonsa. So yake in gyara gidanmu don ya yi daidai da amsar da ya riga ya rubuta a littafinsa tun kafin ya tambaye mu. Kuma matar da ya ce in share da tsumma ita ta yi faɗan da ya kawo ni gaban allon.

Na ajiye tsumman kan teburinsa. Na ɗauki alli na rubuta a'a da manyan haruffa ƙarƙashin zanen, na ja mata layi yadda yake ja wa ƙa'ida, na koma benci. Ƙawata ta matsa mini wuri ba ta dube ni ba, ta ce ƙasa-ƙasa, "Kin kashe kanki, sobajo."

Malamai suka zauna, sakamako ya fito. A aka tura ni. A ƙasan takardar an rubuta wai tunanina a rikice yake, ga rashin ladabi. Na matsa wa Baba ya sa babbar riga ya je ya ga sanser, mataimakin shugaban lise. Aka ba shi kujera, aka gaishe shi da Fillanci, aka tambayi lafiyar shanu. Sannan aka ce masa, "Alhaji, mace ce fa. A ɗin ma ai ta ishe ta." Baba ya dawo yana cewa mutumin kirki ne, ya karɓe shi hannu biyu. Ko tambayar abin da na rubuta bai yi ba.

Da la'asar ɗin Goggo tana tsakar gida tana daka kayan labu, Adda tana bakin murhu ta ba mu baya. Goggo ta ce in zo in faɗa mata da bakina abin da ya haɗa ni da Bature. Na faɗa mata duka, dankali da kibiya da tsumma. Ina jira ta rungume ni.

Ta tsai da taɓarya. Ta ce, "Tsaya. Da me aka zana ni?"

Na ce, "Da alli."

"Alli! Allin nan da masu ciki ke ci?"

"Goggo, cewa ya yi ba kya cikin lissafi."

"Lissafin wa? Shi ya wanke miki kashi? Yau na ga ja'irar yarinya! Ni na yi ta faɗa da ubanki har ya daina cin tuwon ɗakina don a sa ki makarantar nan, ki je ki zubar da ita a kan alli? Da kin goge ni mana! Ki goge ni, ki goge ubanki, ki goge shanunsa, ki karɓo abinki. In kin dawo ba a nan za ki same ni ina daka ba?"

Na ce, "Amma ni ce da gaskiya."

Ta ce, "Sai ki dafa ta ki ci." Ta ci gaba da daka da ƙarfi har barkono ya tashi, muka kama tari.

Sai ga muryar Adda daga bakin murhu. Ba ta juyo ba, tukunya take wa magana.

Ta ce, "A gaya wa waccan, da ni ta goge. Ni ai ba abin da zai rage mini."

Ban taɓa jin ta sa baki a maganata ba sai rannan. Goggo ta juya da taɓarya a hannu.

"Ke kuma wa ya kira ki? 'Yarki ce?"

Adda ta ce, "A'a, Yaya. Taki ce."

"To."

Na tashi na shige ɗaki na rufo ƙofa. Haushin Bature daban, haushin su biyun daban. Na tsaya gaban aji na ƙi taɓa ko ɗayarsu, na dawo gida kowace tana miƙo wuya tana cewa ita ya kamata a share. Wallahi da na san wadda zan fara yi wa tsawa da na yi.

Na shiga A. Na zauna ana karanta mini waƙoƙin mutanen da suka mutu a ƙasar da ban taɓa gani ba, har na gaji na fita na koyi buga tafireta. Misye ya koma ƙasarsu da damina ta sauka, ban sake jin labarinsa ba.

Ƙawata kuwa, mai kibiya ɗaya, ta shiga C. Yanzu tana Yawunde tana koyon aiki da wani inji da ake kira ordinater, wai girmansa ya cika ɗaki. Da ta zo hutu ta biyo ofishinmu, ta zauna gefen teburina tana kallon yatsuna.

Ta ce, "Kin san me muke rubuta wa injin nan dare da rana? Fonksiyon ɗinki. Ki ba ta abu, ta yi aikinta, ta dawo miki da amsa guda. Duk ranar da na rubuta wata sai na tuna ki. Da ke ce a wurin da kin fi mu duka."

Na ce, "In abu yana da amsa biyu fa?"

Ta ce, "Sai ki gaya masa tun farko biyu ne, ya dawo miki da su a haɗe. Inji ba ya gardama."

Na ce to ya fi wasu hankali. Ta yi dariya, ni ban yi ba. Na zare takardar da ke cikin tafireta na sa wata, don shugaban ofis yana jiran wasiƙarsa kafin a tashi.